Ofishin Tsintuwa na Malam Barkindo

Ranar Litinin ce, hadari ya taso tun safe ya ƙi zubarwa. Ina zaune a gindin tsamiyar da ke jikin dangar makaranta ina tufka igiya, sai ga Barkindo ya fito da tsani da gwangwanin fenti.

Barkindo ɗan garinmu ne. Ya je birnin Duwala can kudu ya yi 'yan shekaru a wata tashar mota yana gadin jakunkunan fasinja, ya dawo da baƙin takalmi mai tsini da surutu. Malaman da gwamnati ta turo mana ba su isa ba, sai mu iyaye muka ɗauke shi ya riƙe ƙaramin aji. Mu ke biyansa, kuma mu ke zama a ƙarshen shekara mu ce ya ci gaba ko ya tafi. Kawunsa Njidda ya riga ya gaya masa a gaban mutane cewa ranar da makaranta ta sallame shi, sanda na jiransa, zai bi shanu daji. Barkindo ya fi tsoron sandar nan a kan zazzaɓi. Da taron iyaye ya matso, sai ya shiga neman abin da zai yi a ce ba a taɓa ganin irinsa ba.

Ya jingina tsanin a tsohon ɗakin ajiye fartanyu, ya hau ya yi rubutu da Faransanci a saman ƙofa. Aji biyu na yi, ban iya karanta shi ba.

"Baffa Hamajoda, ka ga tarihi?" in ji shi daga sama.

"Na ga fenti na zuba a rigarka."

"Ofishin kayan tsintuwa ne. Daga yau ba abin da zai ƙara ɓata a makarantar nan."

"Da me ke ɓata?"

"Komai. Yaro ya yar da abu, wani ya rataye a danga, mai shi ya zo ya ɗauka kamar ɓarawo. Wannan tsari ne? A Duwala, Baffa, ko allura ce ta faɗi tana da ofis."

"Allurar ce ke da ofis?"

Ya sauko ya tara yara a fili ya kafa doka. Duk abin da aka gani a ƙasa ba hannun kowa a kansa, ɓatacce ne, a kawo ofis. Wanda ya kawo an yafe masa shara da ɗiban ruwa na ranar.

Yaran garinmu ba su son shara. Kafin a tashi tara, ofis ya fara cika. Masu buga ƙwallo sun tuɓe takalma sun ajiye a gefe, aka kwashe. Wata yarinya ta ajiye ƙwaryar abincinta ta shiga bayi, ta fito ba ƙwarya. Goggo Dudu, mai sayar da dakkere da nono a bakin ƙofa, ta sunkuya ɗaura zane, ta ɗago ba ludayi ba faifai. Darakta, shugaban makarantar, wani mutumin kudu mai son zaman lafiya, ya jingina laimarsa ya shiga aji, laima ta tafi ofis. Barkindo na tsaye a ƙofa yana karɓa yana murmushi.

"Kun gani?" ya ce da mu. "Da duk wannan asara ce."

Washegari yara biyu suka yi dambe a ƙofar ofis a kan ƙoƙo ɗaya, kowa ya ce nasa ne. Barkindo ya raba su, ya sha naushi a ciki, ya miƙe da doka ta biyu. Mai kaya ba ya shaidar kansa. Sai uwa ko uba ya zo, ya tsaya a ƙofar ofis, ya kira sunan mai kayan da ƙarfi kowa ya ji. Kuma sunan yanka, ba laƙabi ba.

A ranar butata ta tafi. Na ajiye ta a gefena na juya neman wuƙa, shi ke nan. Na tashi na je.

"Ba ni butata."

"Baffa, doka doka ce. Sai uwa ko uba."

"Uwata ta rasu kafin a yi wa ubanka aski."

"Allah ya jiƙanta. Uba fa?"

"In tono maka shi?"

"Baffa, in na karya maka, gobe kowa zai ce a karya masa. A Duwala har wani babban soja na hana jakarsa."

"Ya aka ƙare?"

"An sasanta," ya ce, yana shafa ƙeyarsa.

Na koma gindin tsamiya na yi alwala da ƙoƙon Goggo Dudu, wanda ta ɗaure a ƙugunta da igiya.

Abin da Barkindo ya manta, ko ya ga ya fi ƙarfinsa yanzu, shi ne mu ba mu kiran sunan ɗan fari. Uwa ba ta kira, uba ba ya kira. Yaron da aka sa wa sunan kakansa, uwarsa ba ta kira, don sunan surukinta ne. Yarinyar da ta ci sunan kakarta, haka. In ka cire waɗannan daga makarantarmu, abin da ya rage ba zai cika aji ɗaya ba.

Jaratu matar maƙeri ce ta fara zuwa. Ta tsaya nesa da ƙofa tana kallon ƙasa.

"Malam, na zo karɓar takalman yaron nan."

"Wane yaro?"

"Na wajenmu."

"Yara nawa ne a wajenku?"

"Babban."

"Sunansa?"

"Ai ka san shi. A ajinka yake."

"Ni na sani, ofis ne bai sani ba. Faɗa wa ofis."

Ta dubi ɗakin fartanyu, ta dube shi. "Wanda haƙorinsa na gaba ya fita."

"Duk ajina ba mai haƙorin gaba. Suna."

Ta ja mayafi ta rufe baki ta juya. Bayan ta tafi wasu suka zo, aka yi irin wannan. Wata ta ce mai sunan Malam, wata ta ce yayan su wance, wata ta nuna yaron da leɓe. Wata ta zo da maƙwabciyarta don ta kira mata, Barkindo ya ce maƙwabciya ba uwa ba ce. Ƙannai suka karɓi kayansu ba wahala. 'Yan fari kuwa suka koma zuwa makaranta ba takalmi, ba allo, ba ƙwaryar abinci. In ka ga yaro yana tafe yana ɗingishi a kan ƙaya, ka san shi ya buɗe wa uwarsa haihuwa.

Na ce da Barkindo, "Ba za su kira ba."

"Za su kira. Rashin wayewa ne, kuma ni na zo da maganinsa."

"Kai ɗan fari ne ko?"

"Uwata daban ce, Baffa. Ta san inda na je."

Ofis ya cika har taga. A ciki akwai ƙoren da aka kwashe da sauran nono, kuma damina ta fara, zafi da laima sun haɗu. Wari ya fara fita ta ƙarƙashin ƙofa. 'Yan ajin da ke kusa suka koma karatu a gindin bishiya. Goggo Dudu ta ɗauke tallarta zuwa ɗaya gefen hanya, tana cewa duk mai wucewa ba nononta ba ne ke wari, ilimin Duwala ne. Darakta ya roƙi laimarsa sau da yawa. Barkindo ya ce a rubuta wa iyayensa can kudu su zo. Mutumin ya dinga zuwa aiki da buhu a ka in ana ruwa.

Ranar taron iyaye gari ya waye tas, ba ko ɗigon gajimare. Da hantsi garken Njidda ya bi ta bayan makaranta, wani maraƙi ya ratse ya shigo ta ɓarakar danga ya kwanta a inuwa. Ba hannun kowa a kansa. Yara suka taru suka tura shi har ofis, Barkindo ya buɗe, ya cusa shi cikin ƙore da takalma, ya kulle.

Ba a jima ba saniya, uwar maraƙin, ta iso. Ta tsaya a taga ta fara kuka. Maraƙi ya amsa daga ciki. Bayanta sai ga Njidda da sandarsa a wuya.

"Buɗe."

"Kawu, ina kwana. Maraƙin na wa ne?"

"Na gidana."

"Gida ba ya mallakar maraƙi. Na ji an ce ranar suna aka ba wani yaro uwarsa."

"Haka ne."

"Wane yaro?"

Njidda ya dube shi. Yaron ɗan farinsa ne, kuma Barkindo ne ya riƙe ragon ranar sunan.

"Kai, ɗan ƙanwata. Kana gida ɗaya da yaron nan kuna cin tuwo a akushi ɗaya."

"A gida ni ɗan ƙanwarka ne, Kawu. A nan ni ofis ne."

"To ga uwarsa nan tana kiransa, ba ka ji?"

"Na ji. Ba ta faɗi suna ba."

Duk garin nan saniyar ce kaɗai uwar da ta zo ta kira ɗanta na fari da ƙarfi, ita ma aka ce ba ta cika sharaɗi ba. Njidda ya juya masa baya. Ya je ya zauna kusa da ni, ya ɗora sandar a gwiwa yana shafa ta kamar mai lallashin jariri.

Darakta ya leƙo daga ɗakinsa. "Malam Barkindo, ofishinka yana kuka."

"Na ɗan lokaci ne, ranka ya daɗe. Yau za a gama komai a gaban Jauro."

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwan dalbejiya, maza gefe, mata gefe. Jauro Hammawa, mai garinmu, ya zo, tsoho ne da ba ya jin magana sai wadda yake so. Muka tuɓe takalma a bakin tabarma muka zauna kewaye da shi. Barkindo ya aro lasifika daga wajen mai tallar maganin basir a kasuwa. Ya sa an jera bencina a tsakiyar fili, a rana, an fito da kayan an baje. Maraƙin ya bari a ciki, ya ce shi ne babban kaya, da shi za a rufe taro. Ya kuma gaya wa yara yau ce ranar ƙarshe, wanda ya fi kowa kawo tsintuwa za a tafa masa a gaban Jauro.

Ya zo ya tuɓe baƙin takalminsa a bakin tabarmarmu, ya durƙusa ya gai da Jauro. Daga nan zumuɗi ya ɗauke shi, ya wuce wajen lasifika da safa.

Ya yi jawabi mai tsawo. Saniya na amsa masa daga taga duk inda ya tsaya numfashi. Da ya gama ya ɗaga wasu takalman roba.

"Na wa ne waɗannan? Uwar mai su ta taso."

Shiru. Jaratu na kallon ƙasa.

Ya ɗaga allo. Shiru. Ya ɗaga ƙwarya, ƙudaje suka tashi, mutanen gaba suka ja baya.

"Iyaye mata, kalma ɗaya ce. Ba za ta cije ku ba."

Goggo Dudu ta ce daga inda take, "Mu ba mu je Duwala ba, ɗana. Bakinmu bai buɗe ba tukuna."

"Goggo, ke ma ludayinki na nan."

"Bar shi ya yi karatu. In ya fita da sakamako ka turo min."

Mata suka yi dariya a cikin mayafi. Barkindo ya fara gumi. Ya tona cikin tulin ya zaro wata hula, fuskarsa ta washe. Hular Gidado ce, autan gidansu, yana babban aji. Uwarsu Dada Kingi na zaune a cikin mata.

"Dada, taso ki nuna musu."

Tsohuwar ta tashi a hankali, ta zo, ta kama lasifikar da hannu biyu kamar za ta sha ruwa da ita. "Ta Gidado ce," ta ce, har kasuwa aka ji. Ta karɓi hular ta koma.

"Kun gani?" Barkindo ya ce yana zagaya bencina. "Ta mutu? Ƙasa ta tsage? Wannan ita ce uwa mai wayewa. Ku koya daga gidanmu."

A lokacin nan Jauro ya so ya kewaya. Ya miƙa ƙafa bakin tabarma yana lalube, bai taɓa komai ba. Muka duba. Bakin tabarmar fes yake kamar an share. Can a ƙarshen benci ga takalmanmu an tula, na Jauro a sama, na liman, nawa, da baƙi mai tsini yana ƙyalli a rana. Yara na tsaye a layi suna jiran tafi.

Jauro ya daɗe yana kallon tulin. Ya ce, "Malam, zo."

Barkindo ya zo da sauri. Rana ta gasa yashin fili, kuma safar ta huje a dunduniya.

"Takalmina ya ɓata?"

"Kuskure ne, ranka ya daɗe. Yara ne."

"Akwai hannun wani a kansa da suka ɗauka?"

"Babu."

"To ba su yi kuskure ba. Yanzu yaya zan karɓa? An ce sai uwa ko uba."

"Kai ai, ranka ya daɗe, an yafe."

"Don me?"

Barkindo ya duba sama, ya duba ƙasa. "Don... kai maraya ne."

"Madalla. Ashe akwai tausayi a ofis." Jauro ya juyo gare mu. "Duk maraya a tabarmar nan ya je ya ɗauki nasa."

Duk tsofaffi ne mu, ba mai sauran uwa ko uba. Muka tashi muka ɗauka. Na haɗa da butata. Darakta ya ce shi ma iyayensa sun daɗe da rasuwa, ya rungumi laimarsa. Ban sani ba ko gaskiya ne. Barkindo ya lallaɓa ya miƙa hannu wajen baƙin takalmi.

"Ajiye," in ji Jauro. "Kai uwarka na nan. Yanzu muka ji muryarta."

"Ranka ya daɗe, kowa ya san nawa ne."

"Mu mun sani. Ofis ne bai sani ba."

Aka kai wa Dada Kingi lasifika har inda take zaune. Ba ta karɓa ba. Ta juyar da fuska wajen danga.

"Kingi," in ji Jauro, "takalman nan na wa ne?"

"Na mai su ne."

"Wane ne mai su?"

"Ga shi can yana tsalle."

Tsalle yake yi kuwa, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar zakara a kan kwanon rufi.

"Dada, kalma ɗaya ce."

Ta dubi Goggo Dudu. "Wa ke magana?"

"Dada, ni ne."

"Na ji wani yana cewa shi ne."

"Dada, yanzu kika kira Gidado."

"Gidado ɗana ne."

"Ni fa?"

Ta gyara mayafi.

"Dada, don Allah. Aikina ne zai tafi."

"Dudu," in ji ta, "gaya wa wancan ba ni na ce ya riga kowa zuwa ba."

Ya fizgi lasifikar ya kira sunansa da kansa, har da na ubansa da na kakansa. Jauro ya ce mai kaya ba ya shaidar kansa. Barkindo ya ce to a kira Kawu, ai kawu kamar uba ne. Njidda ya ce a gida shi kawu ne, a nan shi mai maraƙi ne.

Lasifikar ta yi wata ƙara mai tsini a hannun Barkindo. Saniyar da ta wuni tana kuka a taga ta ga ya isa haka. Ta ja baya ta sa ƙaho a ƙofar ofis. Ƙofar dama gara ta cinye ta, ta faɗi ciki gaba ɗaya. Maraƙi ya fito da hannun rigar wani a baki, uwar ta bi shi, suka ratsa ta tsakiyar bencina. Ƙore suka tarwatse, tsohon nono ya fantsama. Barkindo ya yi tsalle zai kauce, ya taka wata ƙwarya, ya zauna daɓas a cikin abin da ya fito daga cikinta.

Ba wanda ya yi ihu. Mata suka tashi a nutse, kowace ta bi ta tsinci na ɗanta a cikin yashi, ta kakkaɓe, ta sa a ƙarƙashin mayafi ta koma ta zauna. Kafin Barkindo ya miƙe fili ya zama wayam, sai baƙin takalmi kawai a kan benci ɗaya da bai faɗi ba.

Jauro ya ce a kai takalmin ofis a ajiye har uwar Barkindo ta shirya. Aka ce ofis ba ƙofa. Ya ce to a kai gidansa.

Daga nan ya karɓi lasifikar ya ce an zo kan maganar da ta tara mu. Duk wanda yake so a riƙe malamin ƙaramin aji baɗi, ya taso ya kira sunansa da ƙarfi kowa ya ji. Ya miƙa ta wajen maza. Kowa na duban takalminsa. Ya miƙa ta wajen mata. Jaratu na kallon ƙasa. Ya riƙe ta a sama har hannunsa ya gaji, sannan ya ba mai maganin basir kayansa, liman ya yi addu'a.

Njidda ya tashi ya je inda ɗan ƙanwarsa ke tsaye yana ɗiga. Ya ajiye sandar a gabansa a hankali, ya kora saniyarsa da maraƙi ya tafi.

Washegari da asuba Barkindo ya sa takalman roba na Gidado, ya saɓa sanda, ya bi garken kawunsa daji. Ya gaya wa makiyaya cewa yadda suke kiwo ba tsari, zai gyara. Kafin hantsi ya dawo shi kaɗai, ya tsaya a gindin tsamiya ya tambaye ni ko na ji wani ya tsinci bijimi.